Kishiyar Madda: Abin da Kimiyya Ta Tabbatar da Yadda Ake Kwaikwayonsa a Wasan Kwamfuta

Duk abin da ido yake gani ko hannu yake taɓawa, dutse ne ko ruwa ko iska ko jikin ɗan Adam, masana kimiyya suna kiransa madda. Ɗalibin da ya kai aji huɗu na sakandare ya san cewa madda ta ƙunshi ƙwayoyin zarra, kuma kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai ɗauke da furoton da niyutiron, ilaktiron kuma suna kewaye da ita. Abin da ba kasafai littattafan aji suke kawowa ba shi ne, kowace ɗaya daga cikin waɗannan ƙwayoyi tana da takwara wadda nauyinsu ɗaya, amma siffofinsu na akasin juna ne. Idan wannan tana da cajin lantarki mai alamar tarawa, waccan tana da mai alamar ɗebewa. Turawa suna kiran abin da aka gina da irin waɗannan takwarori antimata, wato kishiyar madda. Sunan kishiya kuwa ya dace da ita, domin ita da madda ba sa zama ɗaki ɗaya. Da zarar sun haɗu sai su shafe juna, nauyinsu ya koma makamashi.

Ɗalibai da yawa a fina-finai da wasannin kwamfuta suka fara jin sunanta, inda ake nuna ta a matsayin man da yake tuƙa jiragen zuwa taurari. Akwai wani rukuni na waɗannan wasanni da ake kira masu kwaikwayon zahiri, waɗanda mai wasa yake gina masana'antu ko kumbuna, kwamfuta kuma ta lissafa abin da zai biyo baya bisa ƙa'idojin da aka rubuta mata. Ingancin irin wannan wasa yana ga lissafinsa, wato abin da ya shiga da abin da ya fita. A kan wannan ma'auni za a duba kishiyar madda.

Yadda aka gano ta

Da alƙalami aka fara gano ta kafin a gan ta a ɗakin gwaji. A shekarar 1928 wani matashin masani a Jami'ar Kambirij ta Ingila, Paul Dirac, ya fitar da wani lissafi da yake bayyana halin ilaktiron idan gudunsa ya kusanci na haske. Lissafin ya ba da amsa iri biyu, kamar yadda x² = 4 yake ba da 2 da kuma −2. Amsa ɗaya ta dace da ilaktiron da aka sani. Ɗayar kuwa ta dame shi shekaru, har a 1931 ya fito fili ya ce lallai akwai wata ƙwaya mai nauyin ilaktiron amma cajinta na tarawa ne.

Shekara guda bayan haka, a 1932, Carl Anderson na Kalifoniya ta Amurka ya ɗauki hotonta. Yana nazarin ƙwayoyin da suke faɗowa duniya daga sararin samaniya ne, da wata na'ura da ake kira akwatin hazo, wadda duk ƙwaya mai caji da ta ratsa ta sai ta bar siririn sawu. An sanya akwatin tsakanin maganaɗisu mai ƙarfi domin ya lanƙwasa sawun, ɓangaren da ya lanƙwasa kuma shi ne yake nuna irin cajin. Sai dai akwai matsala: ƙwaya mai cajin ɗebewa da take sauka da mai cajin tarawa da take hawa sawu iri ɗaya suke bari. Dabarar Anderson ita ce ya gitta farantin darma mai kaurin milimita 6 a tsakiyar akwatin. Ƙwayar da ta ratsa darma dole gudunta ya ragu, sawunta ya ƙara lanƙwasa, ta haka aka san inda ta fito da inda ta dosa. Ita ce aka sanya wa suna fozitiron, kishiyar ilaktiron.

Kishiyar furoton ta ɗauki lokaci, saboda furoton ya fi ilaktiron nauyi sau 1,836, ƙera kishiyarsa kuma yana buƙatar makamashi mai yawa. Sai a 1955 Emilio Segrè da Owen Chamberlain da abokan aikinsu suka samar da ita da na'urar Bevatron a garin Bakle na Kalifoniya. A 1956 aka samu kishiyar niyutiron a wannan na'ura. A 1995 kuma cibiyar binciken ƙwayoyi ta Turai, CERN, da ke kusa da Janiba, ta haɗa fozitiron da kishiyar furoton ta samar da cikakkun ƙwayoyin zarra na kishiyar haidirojin, guda tara kacal.

Abin da yake faruwa idan suka haɗu

Masana suna auna makamashin ƙwayoyi da ma'aunin ilaktiron-bolt, wato makamashin da ilaktiron ɗaya yake samu idan ya ratsa ƙarfin lantarki na bolt ɗaya. Ƙwayar hasken da ido yake gani, wadda ake kira foton, tana da kimanin ilaktiron-bolt 2. Idan ilaktiron da fozitiron suka haɗu ba tare da gudu mai yawa ba, galibi foton biyu ne suke fitowa, kowanne da ilaktiron-bolt 511,000. Wannan shi ne hasken gama, wanda ido ba ya gani amma yana ratsa jiki.

Ƙa'idar Einstein, E = mc², ita ce take ba da yawan makamashin. A ɗauka an haɗa giram ɗaya na kishiyar madda da giram ɗaya na madda. Nauyin da ya ɓace giram biyu ne, wato kilogiram 0.002. Gudun haske mita 300,000,000 ne a daƙiƙa, idan aka ninka shi da kansa a sami 9 × 10¹⁶. Sakamakon shi ne jul 1.8 × 10¹⁴. Domin a fahimci girman wannan adadi, litar fetur ɗaya tana ba da kimanin jul miliyan 34, ke nan ana maganar fetur fiye da lita miliyan biyar, lodin tankar mai wajen 160 masu ɗaukar lita 33,000. Tashar lantarki ta Kainji, wadda aka girka mata injuna masu ƙarfin megawat 760, sai ta yi aiki da cikakken ƙarfinta na kusan kwana uku kafin ta samar da haka. Ɗalibai da yawa sukan manta da giram na biyu su sami rabin amsa, kuma mai rubuta wasa ma yana iya faɗawa wannan kuskure.

Wannan adadi ne ya ja hankalin masu fina-finai. Amma adadin yana nuna abin da ya fita ne kawai, bai ce komai a kan abin da aka kashe ba.

Ba a haƙo ta, ƙera ta ake yi

Babu ma'adinin kishiyar madda a duniya, kuma ba a ga alamar tauraro ko gungun taurari da aka gina da ita ba. Da akwai, da an ga hasken gama mai yawa yana fitowa daga iyakarsu da madda. Masana suna ganin cewa a farkon samuwar sararin samaniya madda da kishiyarta sun yi kusan kunnen doki, sai dai madda ta ɗara da kimanin ƙwaya ɗaya a cikin kowace biliyan. Sauran suka shafe juna, wannan ɗan rarar kuma shi ne taurari da duniyoyi. Tun 1964, lokacin da James Cronin da Val Fitch suka nuna cewa akwai ɗan bambanci a halin wasu ƙwayoyi da kishiyoyinsu, ake neman dalilin wannan rara, kuma bambancin da aka auna bai isa ya bayyana ta ba.

Ana samun ɗan abin da ba a rasa ba a cikin halitta. Sinadarin fotashiyam da ke cikin ayaba yana da wani nau'i da yakan saki fozitiron jefi-jefi, kimanin guda ɗaya a kowane minti 75 daga ayaba ɗaya. A 2011 kuma aka ba da rahoton cewa na'urar PAMELA da ke kan wani tauraron ɗan Adam ta ƙirga kishiyar furoton 28 a yankin da maganaɗisun duniya yake riƙe ƙwayoyi. Ke nan wasannin da suke barin mai wasa ya kwaso ta a kewayen wata duniya suna da ɗan tushe, amma sun ninka yawanta fiye da hankali.

Hanyar da ta rage ita ce ƙerawa, kuma a nan akwai ƙa'idar da ba ta karyewa: ba a samar da kishiya ita kaɗai. Duk lokacin da makamashi ya zama kishiyar furoton, dole a sami furoton ko ɗan'uwansa niyutiron tare da ita, domin jimillar caji da jimillar irin waɗannan ƙwayoyi, idan aka lissafa kishiya a matsayin ɗebewa, ba sa canzawa. A CERN ana harba furoton masu ilaktiron-bolt biliyan 26 a kan wani ƙarfe mai suna iridiyam. Cikin kowane furoton miliyan ɗaya da aka harba, kishiyar furoton biyu ko uku ake iya kamawa. Ɗalibi zai iya lissafa ribar da kansa. An kashe ilaktiron-bolt biliyan 26 sau miliyan. Kowace kishiya idan ta haɗu da furoton tana mayar da kimanin biliyan 1.88, uku kuma su ba da biliyan 5.6. Abin da ya dawo bai kai kashi ɗaya cikin miliyan huɗu na abin da aka kashe ba, ba a ma lissafa wutar da maganaɗisu da injunan sanyaya suka sha ba. Shi ya sa duk abin da aka taɓa ƙerawa da nanogiram ake auna shi, wato kashi ɗaya cikin biliyan na giram. Nanogiram ɗaya yana ba da jul 180,000, abin da zai kunna ƙwan lantarki mai wat 60 na minti hamsin.

Ko da an sami na'urar da ba ta asarar komai, abin da aka zuba shi za a ɗiba. Kishiyar madda ba rijiyar mai ba ce, rumbu ce ko batir. Wasan da ya bar mai wasa ya kunna masana'antar ƙera ta da wutar da ita kanta take bayarwa, har ya sami rara, ya karya ƙa'idar adana makamashi, wadda ita ce ginshiƙin darasin fizis.

Wani wasa da ya kiyaye wannan shi ne Dyson Sphere Program, wanda kamfanin Youthcat Studio na ƙasar Sin ya fitar a 2021. A cikinsa mai wasa yana kewaye tauraro da na'urorin tara haske, a mayar da makamashin wasu ƙwayoyin haske na musamman, sannan a sanya su a na'urar karo da ƙwayoyi, ta fitar da kishiyar madda da haidirojin daidai wa daida. Abu biyu sun yi daidai a nan: makamashin daga tauraro ya fito, kuma kowace kishiya ta zo da takwararta. Sai dai a wannan wasa kishiyar madda tana tafiya a kan bel ɗin jigilar kaya kamar buhun masara, ana kuma jibge ta a akwatin ajiya. Wannan sassauci ne da aka yi wa mai wasa, kuma a daidai wurin da masana suka fi shan wahala aka yi shi.

Matsalar ajiya

Duk mazubin da za a ƙera da madda za a yi shi, don haka dole a rataye kishiyar a tsakiya ba tare da ta taɓa bango ba, a cikin bututun da aka zuƙe wa iska ƙwarai. Ƙwayoyi masu caji ana riƙe su da abin da ake kira tarkon Penning: maganaɗisu yana hana su fita ta gefe, ƙarfin lantarki kuma yana toshe bakin bututun gaba da baya. Da irin wannan tarko masu gwajin BASE a CERN suka riƙe 'yan ƙalilan na kishiyar furoton fiye da shekara guda. Amma ƙwayoyi masu caji iri ɗaya suna ture juna, kuma iya yawansu iya ƙarfin turewar. Lissafi ya nuna cewa nauyin ƙwayoyin da tarkon zai iya riƙewa, idan aka mayar da shi makamashi, ba zai zarce makamashin da ke cikin filin maganaɗisun da ya riƙe su ba. Tankin mai da ba ya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin ginin tankin kansa ba shi da wani amfani ga matuƙi.

Kishiyar haidirojin ba ta da caji, don haka ba ta ture 'yar'uwarta, amma kuma ƙarfin lantarki ba ya riƙe ta. Ana dogara ne da ɗan raunin maganaɗisun da ke jikinta, wanda ba ya isa sai idan sanyinta ya kai kimanin rabin digiri sama da ƙarshen sanyi, wato kusa da digiri 273 ƙasa da sifiri. Masu gwajin ALPHA sun riƙe guda 38 a 2010, kowace na kimanin kashi ɗaya cikin shida na daƙiƙa. A 2011 suka kai daƙiƙa 1,000. A 2023 suka amsa wata tsohuwar tambaya: da aka sassauta tarkon, kishiyar haidirojin ƙasa ta faɗi kamar kowane abu. Wasan da ya sa ta tashi sama saboda sunanta kishiya ya saɓa wa gwaji.

Mai rubuta wasa da yake son gaskiya zai sa ma'ajiyar ta riƙa shan wuta kullum, ya sa mata iyakar abin da take ɗauka, kuma idan wuta ta ɗauke duk abin da ke ciki ya tashi. Hasali ma wannan ya fi ƙayatar da wasa, domin yana ba mai wasa abin da zai yi tsaro a kai.

Ina makamashin yake tafiya?

Haɗuwar furoton da kishiyarsa ba ta da tsabta irin ta ilaktiron. Ba haske ne yake fitowa kai tsaye ba, wasu ƙwayoyi ne masu gajeren rai da ake kira fayon, kimanin biyar a matsakaici. Marasa caji daga cikinsu nan take suke zama hasken gama. Masu caji suna rayuwa kimanin kashi 26 cikin biliyan na daƙiƙa, sannan su rikiɗe su zama wata ƙwaya mai suna miyon tare da niyutirino, miyon ma ta sake rikiɗa. Niyutirino kuwa yana ratsa duniya gaba ɗaya kamar babu ita. Idan aka bar rikiɗar ta kai ƙarshe, kusan rabin makamashin da niyutirino yake tafiya, ba a kama shi. Hasken gama kuma sai an tare shi da katanga mai kauri, katangar ta yi zafi, a nemi hanyar sanyaya ta. Injin kumbo na cikin wasa da ya mayar da jul 1.8 × 10¹⁴ duka ya zama ƙarfin tuƙi ya yi wa kansa kyauta mai yawa.

Iyakar kwamfuta da dabarar ƙuri'a

Ko an san dukan ƙa'idojin, kwamfuta ba za ta bi kowace ƙwaya ba. Giram ɗaya na kishiyar haidirojin yana da ƙwayoyin zarra kimanin 6 × 10²³. Kwamfutar da take lissafa biliyan ɗaya a daƙiƙa sai ta yi wajen shekara miliyan 19 kafin ta gama. Akwai kuma matsalar lokaci. Wasa yakan sabunta hotonsa sau 60 a daƙiƙa, a tsakanin hoto da hoto kuwa haske ya yi tafiyar kilomita 5,000. Ƙwayar da take gefen nan na katanga a wannan hoto tana can wata ƙasa a hoto na gaba, kwamfuta ba ta ga inda suka yi karo ba.

Mafita ita ce a ɗauki 'yan ƙwayoyi su wakilci sauran, a riƙa jefa ƙuri'a a kan makomar kowace bisa yiwuwar da gwaji ya nuna, sannan a ɗauki matsakaici. Ana kiran wannan dabarar Monte Carlo. Masanin lissafi Stanislaw Ulam ne ya faro ta a 1946, kuma abin sha'awa, daga tunanin wasan karta na mutum ɗaya ta zo masa. Manhajar Geant4, wadda aka fara fitarwa a 1998 kuma masu bincike a CERN da masu tsara na'urorin asibiti suke amfani da ita, a kan wannan dabara aka gina ta. Mai rubuta wasa yana iya yin irin wannan lissafi sau ɗaya, ya adana sakamakon a jadawali, wasan ya riƙa dubawa.

Gwaji a cikin aji

Malami zai iya nuna duk wannan ba tare da kwamfuta ba, ta hanyar kwaikwayon na'urar asibiti da ake kira PET, wadda ita ce babban amfanin kishiyar madda a rayuwar yau da kullum. Ana yi wa majiyyaci allurar wani nau'in sukari mai ɗauke da sinadarin fuloorin-18, wanda yake sakin fozitiron kuma rabinsa yake ƙarewa a kowane minti 110. Ƙwayoyin ciwon daji sun fi sauran jiki shan sukari, don haka a nan sinadarin yake taruwa.

Da farko a tambayi ɗalibai dalilin da ya sa foton biyu suke fitowa ba ɗaya ba. Amsar tana ga ƙa'idar adana ƙarfin tafiya. Kafin haɗuwa ilaktiron da fozitiron kusan a tsaye suke, jimillar ƙarfin tafiyarsu sifiri ce. Foton ɗaya ba ya iya tsayawa, dole ya tafi da ƙarfin tafiya zuwa wani ɓangare. Sai dai biyu, ɗaya gabas ɗaya yamma, jimilla ta koma sifiri.

Daga nan a zana babban da'ira a kan takarda mai gidaje, a yi kwafi biyu. Ɗalibi ɗaya ya riƙe kwafi ɗaya a ɓoye, ya sanya ɗigo a wani gida, shi ne wurin ciwon. A ba shi ƙwayar wake 64 da ƙwayar lido. A kowane zagaye, wanda yake wakiltar minti 110, a jefa wa kowane wake ƙwayar lido: idan ta ba da 2 ko 4 ko 6 ya saki fozitiron, a cire shi. Ga kowane waken da aka cire a sake jefawa, a ninka abin da ya fito da 30 a sami kusurwa, mai ɓoyon ya ja miƙaƙƙen layi ta kan ɗigonsa a wannan kusurwa, ya faɗa wa aji wurare biyu da layin ya taɓa da'ira. Sauran ɗalibai su haɗa wuraren biyu a nasu kwafin. Bayan layi uku ko huɗu mahaɗarsu za ta tona asirin ɗigon. Za a kuma lura cewa waken da ya rage ba ya zama 32 da 16 da 8 cif-cif, yakan ɗara ko ya gaza, sai an haɗa sakamakon rukunoni da yawa matsakaicin yake kusantar rabi.

Ajin da ya ƙware zai iya ƙara ƙa'ida ɗaya. Fozitiron ba ya haɗuwa da ilaktiron a daidai inda aka sake shi, yakan yi 'yar tafiya a cikin nama, wadda a matsakaici ba ta kai milimita ɗaya ba ga fuloorin-18. Kafin jan kowane layi, sai mai ɓoyon ya jefa ƙwayar lido ya gusar da ɗigon gida ɗaya: 1 gabas, 2 yamma, 3 kudu, 4 arewa, 5 da 6 kuma ya bar shi inda yake. Layukan ba za su ƙara haɗuwa a ɗigo ɗaya ba, za su taru ne a ɗan yanki, kuma wannan yana daga cikin dalilan da suka sa gefen hoton PET yake fitowa da ɗan dishi-dishi.